Tambayi Bakanike: Na Sauya Salansa, Wane Jet Zan Sa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da mashin 125 mai injin irin na CG, shekararsa biyu a hannuna. A watan jiya na cire salansar da ya zo da ita, na sa wata buɗaɗɗiya da na saya a Sabon Gari, don ina son ƙararta. Tun daga ranar, in na saki totur sai ya riƙa yin fat-fat-fat ta baya, wuyan salansar kuma ya rine ya koma shuɗi. In na murɗa totur daga tsaye sai ya ɗan shaƙe kafin ya ɗauka. Wani abokina ya ce in sa men jet mai lamba 120, wani bakanike kuma ya ce in kawo ya buɗa mini wanda ke ciki da waya. Don Allah wace lamba ce daidai? Daga wani ɗalibi, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Tun kafin mu je ko'ina, kada ka miƙa wa kowa jet ɗinka ya buɗa shi da waya, maganar 120 ɗin nan kuma ka ajiye ta tukuna. Lambar da kake nema ba ta hannuna, ba ta hannun abokinka. Ba rowa nake yi maka ba. Sai ka buɗe kafireton mashin biyu masu suna ɗaya ka tarar da jet daban-daban a ciki, balle kuma an sauya wa ɗaya salansa. Abin da zan iya shi ne in nuna maka yadda injin da kansa zai gaya maka abin da yake so.

Aikin kafireto gauraya iska da fetur. Jet kuwa ɗan guntun tagulla ne mai rami a cikin kafireto, ta ramin nan fetur ke bi. Kafin fetur ya ƙone tas, kowane nauyi 1 nasa yana buƙatar nauyin iska 14.7. Amma injin da iska ce kawai ke sanyaya shi, irin namu, in ana ba shi wuta sosai ya fi son mai ya ɗan haura haka, wajen 1 ga 12.5 ko 13, domin wannan 'yar rarar ita ke rage zafi a kan fistin da bawul. In mai ya yi yawa, asararka kuɗin fetur da fulogi. In mai ya yi kaɗan, inji ne asararka. Ka taɓa tsayawa a maƙera? Gawayin bai ƙaru ba, amma da yaro ya ƙara zuga sai wutar ta tashi daga ja ta koma fari-fari, har ƙarfe ya yi laushi. Haka cikin silinda yake in iska ta rinjayi mai. Shi ya sa duk inda ka shiga kokwanto tsakanin lamba biyu, babbar za ka ɗauka.

Salansar kamfani tana da ɗakuna da ƙananan ramuka a ciki waɗanda ke rage wa hayaƙi gudu da ƙara. Taka buɗaɗɗiyar tana barin hayaƙi ya fice da wuri, silinda ta jawo sabuwar iska fiye da da, don haka gaskiya ne ana iya buƙatar ƙarin mai. Sai dai ba ta salansa iska ke shiga inji ba, ta iyakilina, wato matatar iska, take shiga. Muddin akwatin iyakilina na kamfani yana nan da sosonsa, sauyin bai taka kara ya karya ba: mataki ɗaya ko biyu na jet, wani lokaci ma ba a taɓa men jet ko kaɗan. Wanda ya cire akwatin ya ɗaura 'yar ƙaramar matatar nan mai kama da mazurari, shi ne ke shiga babban aiki. Ba ka ce ka cire naka ba, kuma ina roƙonka kada ka cire. Ƙurar hunturun Zariya in ta sami hanya, ringi da silinda take ci.

Yanzu ga abin da abokinka bai lura da shi ba. Men jet ba kullum yake da iko ba. Daga totur a rufe zuwa kwata, silo jet ne ke ba da mai, shi da sukurun da ake daidaita shi da shi. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allurar kafireto ce, siririn ƙarfen da ke ɗagawa ya buɗe wa mai hanya in ka murɗa totur. Sai ka wuce nan zuwa ƙarshen murɗi sannan men jet ke karɓar ragama. Kai da ke tasowa daga Samaru ka bi ta Kwangila ka gangara PZ, sau nawa hannunka ke wuce rabi? Sake karanta wasiƙarka: fat-fat in ka saki totur, shaƙewa in ka fara murɗawa. Duka biyun a ƙasa suke, a yankin silo. Ko da ka sa 120, ba abin da zai sauya a cikinsu, sai dai ka ƙara wa kanka sabuwar matsala a sama.

Kafin ka taɓa jet ko ɗaya, durƙusa ka dubi inda wuyan salansa ya shiga kan inji. Akwai wani zobe a wurin, galibi na jan ƙarfe, wanda ke matsewa in an ɗaure noti ya toshe kafa. Sau ɗaya ake matse shi. Yaran gareji da yawa in suna sauya salansa sai su mayar da tsohon, wasu ma su manta da shi gaba ɗaya. Alamar da za ka gani ita ce wani siririn layin kunkunniya da ya fito daga gefen bakin ya kwanta a jikin haƙarƙarin inji. In ka tayar da mashin da sanyinsa ka kai hannu kusa, za ka ji iska tana bugun tafinka. Kafar da ke fitar da hayaƙi ita ce kuma ke zuƙo iska in ka saki totur, iskar ta haɗu da ragowar man da bai ƙone ba a cikin bututu mai zafi, sai fat-fat. Masu kawo mini wannan ƙorafi, da yawansu sabon zobe kawai suke saya su tafi.

Sai robar da ta haɗa kafireto da inji. Lanƙwasa ta da yatsa ka duba ko ta tsage, don zafin rana na busar da ita. Mashin da ke shan iska ta nan, in ka saki totur ba ya saukowa silo nan take, sai ya rataya a sama na ɗan lokaci. Ka wanke soson iyakilina. Ka sa a duba bawul da sanyin inji, a injin CG tazarar milimita 0.08 ce. Ka kwance kwanon kafireto ka ga abin da ya kwanta a ƙasa, musamman in kana shan man 'yan bumburutu. Ramin silo jet ƙarami ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta rage shi. Ciro shi ka ɗaga a hasken rana, ka ga ko haske na wucewa a zagaye sumul. In ya toshe a hura shi da iska. Kada a soka masa allurar ɗinki ko wayar birki, domin tagulla ce, ba ta da tauri, ana sokawa ramin ya buɗe, kuma ba ya komawa.

In duk wannan lafiya, to mu zo kan sukuru. Ka zagaya da mashin na minti goma har ya yi zafi, don daidaita inji mai sanyi aikin banza ne. Dubi inda sukurun yake. In yana ɓangaren inji, galibi ta ƙasa gaban kwano, kamar yadda yake a yawancin kafireton CG, na mai ne: in ka kwance shi mai ke ƙaruwa. In yana ɓangaren iyakilina, kamar na yawancin roba-roba, na iska ne: in ka kwance shi iska ke ƙaruwa. Mutane da yawa na juya abin nan baibai don ba su san akwai iri biyu ba. Murɗa shi ciki a hankali kana ƙirgawa har ya taɓa, kada ka matse, bakinsa siriri ne yana karyewa. Rubuta adadin da ka samu don ka san hanyar komawa, ka mayar da shi inda yake. Daga nan sai ka riƙa kwance shi kwata-kwatan zagaye, kana dakatawa bayan kowane ɗaya kana saurare. Inda silo ya fi tashi ya kuma daidaita, nan ne wurin. Sannan ka sauko da silo da ɗaya sukurun, mai tokare fistin ɗin kafireto. Yawanci ana samun wurin tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. In sukurun mai ya kai zagaye uku inji bai gamsu ba, silo jet ɗin ya yi kaɗan, a hau mataki ɗaya: mai 35 ya koma 38, mai 38 ya koma 40.

Da wannan ya zauna, samo salatif ka liƙa a jikin totur, ka yi alamar kwata, rabi, kashi uku cikin huɗu, da cikakke. Kada ka raina wannan. Ba tare da alama ba, mutum sai ya rantse a cikakken totur mashin ke shaƙewa, alhali a rabi hannunsa yake. Riƙe totur a rabi a shimfiɗaɗɗen titi. In mashin yana fizga yana saki, mai ya yi kaɗan a allura. In yana gurnani da nauyi yana kakarewa, ya yi yawa. Akwai gwaji mai sauƙi: ɗan ja cok kaɗan kana tafe. In ya gyaru, ƙarin mai yake so. In ya ƙara lalacewa, ya riga ya ƙoshi. Allurar tana da tsaga-tsaga a kanta, yawanci biyar, da ɗan kilif a ta tsakiya. In ka sauko da kilif tsaga ɗaya, allura ta ɗaga sama, mai ya ƙaru. Ka shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka cire kilif ɗin, in ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙasar gareji ka rabu da shi. Allurar da ba ta da tsaga kuwa, ana sa mata siririyar washa mai kaurin rabin milimita a ƙarƙashin kanta.

Sai yanzu muka iso men jet. Kwance shi ka karanta lambar da ke jikinsa, daga nan ake farawa. A tsarin kamfanin kafireto na Keihin, wanda kafireton yawancin mashinan China da ke yawo a garin nan suka kwaikwaya, lambar tana nuna faɗin ramin, 100 na nufin kusan milimita 1, matakan kuma 95, 98, 100, 102, 105, 108, 110. Kamfanin Mikuni kuwa nasu lissafin daban ne, wasu jet ɗin nasu ma da yawan man da ke wucewa a minti ake ba su lamba, saboda haka 110 na wannan ba 110 na wancan ba ne. Ka kuma sani ƙarin faɗi kaɗan na buɗe wa mai hanya da yawa. Daga 100 zuwa 105, girman ramin ya ƙaru da wajen kashi 10 cikin 100. Daga 100 zuwa 120, kashi 44 ne. Salansa kaɗai ba ta ƙara wa injin 125 iskar da za ta ƙone wannan mai. Wanda zai buɗa da waya kuwa, shi kansa bai san lambar da ya kai ka ba. Sayi mataki biyu ko uku na sama da naka, ba su da tsada, amma ka ɗaga su a haske ka gwama su da na asali. Na sha riƙe jet biyu masu lamba ɗaya a tafin hannuna, ramin ɗaya ya fi na ɗaya a fili.

Gwajin men jet sai a miƙaƙƙen titi mara cunkoso, da hular kwano a kanka, ba ka ɗauke da kowa. Ba a yin sa a cikin gari. A babbar giya, buɗe totur har ƙarshe, ka bari mashin ya miƙe, sannan ka ɗan sassauta kaɗan. In ka ji ya ƙara ja da ka sassauta, men jet ya yi kaɗan. In a cikakken totur yana tari yana ƙin hawa, ya yi yawa. Hau mataki ɗaya, sake gwadawa a titin da ka gwada na farko. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. In ka sauya jet da allura da sukuru a zama ɗaya, mashin ya gyaru ko ya ɓaci, ba ka san wanda ya yi aikin ba.

Fulogi kuma shaida ne, in an san yadda ake tambayarsa. Sa sabo, ka yi gudun nan na cikakken totur na ɗan lokaci, sai ka kama kuloci ka kashe inji a take, ka gangara gefen titi. In ka bari ya yi silo, ko ka dawo da shi gida a hankali, ka goge abin da kake son gani. Jira ya huce, ka kwance, ka leƙa can gindin farin tangaran ɗin da ke tsakiya. Ruwan ƙasa mai haske, lafiya. Fari fat, musamman in da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a jiki, ka tsaya, waɗannan ɗigon daga jikin fistin suke. Baƙi busasshe mai kama yatsa, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo kuwa ba maganar jet ba ce, baƙin mai ne ke haurowa, ringi ko robar bawul za a duba. Ka kuma san cewa tun wajen 2006 aka daina sayar da fetur mai dalma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kuma man yanzu ba ya rina fulogi da sauri irin na da. Sabon fulogi na iya fitowa da haske alhali komai daidai ne, don haka a haɗa abin da ido ya gani da abin da hannu da kunne suka ji.

Akwai wani dalilin da ya sa ba na son lambar da aka kwaso daga intanet. Zariya tana sama da mita 600 daga matakin teku, iskarmu ta fi ta Legas rashin nauyi da wajen kashi 6 cikin 100, don haka jet ɗin da ya dace a can zai ɗan yi mana yawa a nan. In ka bi ta Pambeguwa da Saminaka ka hau Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, za ka ji mashin ya ƙara nauyi, kuma ba lalacewa ya yi ba. Ko a nan gida, safiyar hunturu da zafi ke sauka wajen digiri 15 da tsakar ranar Afrilu da ke dosar 40, bambancin nauyin iskarsu ya kai kashi 8 cikin 100. Iska mai sanyi ta fi nauyi, ta fi neman mai. Wanda ya daidaita mashin ƙaf-ƙaf a bazara, in Janairu ya zo sai ya tarar mai ya yi kaɗan. In a lokacin zafi kake aikin, bar 'yar rara.

Hasashena game da naka: sabon zobe, ɗan kwance sukuru, wataƙila silo jet mataki ɗaya, men jet kuma ɗaya ko biyu in gwaji ya nema. Fat-fat ɗin zai ragu sosai, ko da bai ɗauke ɗungum ba, don tsohuwar salansar ma tana yi, ɓoye shi take. Shuɗin wuya ba ya gogewa da kansa, kuma siririn bututu mai ɓawo ɗaya na rinewa ko da komai daidai ne. Abin tsoro shi ne ka gan shi ya yi ja da dare.

Tunda Baba ka kira ni, bari in ƙara maka da wannan. In bututun sabuwar salansar ya fi na asali faɗi sosai, hayaƙi na rasa gudunsa a ƙaramar wuta, mashin ya rasa jan tashi daga tsaye, kuma babu jet ɗin da ke gyara haka. Ƙara ba ƙarfi ba ce. Ka adana tsohuwar salansarka, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. In sabuwar ta zo da toshiyar da ake ɗaurawa a bakinta, mayar da ita. Hanyar Shika hanyar asibiti ce, unguwanninmu kuma cike suke da jarirai da tsofaffi da marasa lafiya. Kunnenka ma abin tausayi ne, ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti in ana jin ta awa takwas a rana tana rage ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

TAMBAYA: Salam Oga. Ni ɗan acaɓa ne, da Boxer nake aiki tsakanin Tudun Wada da Ƙofar Doka. Tun da mai ya yi tsada na sa aka rage mini jet aka sauke allura don lita ta riƙa kai ni nesa. Yanzu mashin ba ya jan hawa in na ɗauki kaya, ga zafi. An ce in na fasa cikin salansa ƙarfinsa zai dawo. Gaskiya ne? Daga wani magidanci, Tudun Wada.

AMSA: Malam, don Allah kada ka fasa. Wasiƙarka ta fi ta ɗalibin can tayar mini da hankali, domin shi sha'awa ce, kai kuwa abincin iyalinka ne a kan mashin ɗin. Na san abin da ya kai ka. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, rage jet ya zama ruwan dare a garejin garin nan, kuma ban ga laifin wanda ke neman sauƙi ba. Amma injinka yanzu haka yunwa yake ji. Zafin da kake ji a ƙafarka da rashin jan hawa duk ita ce. In ka fasa salansa ka ƙara masa iska a kan ɗan man da bai ishe shi ba, bawul ɗin hayaƙi ne zai fara ƙonewa, in abin ya ci gaba fistin ya bi baya. Saurara da kyau in kana hawa da kaya: in ka ji wata siririyar ƙara ƙil-ƙil-ƙil daga kan inji, man yana fashewa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma lokaci ya ƙure.

Ka kuma lissafa ribar da gaske. Mashin da ba ya ja, hannunka zai riƙa ƙara murɗawa, ka daɗe a ƙaramar giya, man da aka rage a jet ya fita ta totur. A mayar maka da jet mai lambar kamfani, a mayar da kilif inda yake. In tsohon ya ɓace, a duba na wani mashin irin naka da ba a taɓa ba.

Inda mai ke zurarewa da gaske ba a jet ba ne. Taya mai ƙarancin iska, birkin baya da ke kamawa, busasshiyar sarƙa ko wadda aka ɗaure tamau, soson iyakilina da ƙura ta toshe, silo da aka ɗaga sama. Ɗaga mashin a kan babbar ƙafa ka juya tayar baya da hannu, in ta tsaya nan take akwai abin da ke riƙe ta. Da safe kuma ka duba ƙasa inda ya kwana. In akwai danshin fetur ƙarƙashin tiyon kwanon kafireto, allurar fulot, wadda ke tsayar da mai in kwanon ya cika, ta gaji, mai na kwarara har kana barci. Ka riƙa rufe makunnin mai da dare, ka kashe inji in kana jiran fasinja a inuwa.

TAMBAYA: Gaisuwa Malam. Tsohon Jincheng gare ni mai hayaƙi, da shi nake zuwa gona. Ƙarfinsa ya ragu, yarana sun ce a cire 'yan cikin salansa. Na cire famfon baƙin mai tuntuni, a tanki nake haɗawa. Me ka gani? Daga wani manomi, Giwa.

AMSA: Alhaji, barka da aiki. Naka daban ne da na mutum biyun da ke sama. Jincheng AX100, wanda aka gina a kan tsarin Suzuki, inji ne mai bugu biyu, ba shi da bawul irin na Boxer. A irinsa salansa ɓangaren inji ce. In hayaƙi ya fita, wani ɓangare na sabon mai yana bin sa, sai bugun da ke dawowa daga cikin salansa ya tura man ya koma silinda kafin fistin ya rufe ƙofa. In aka kwashe cikinta, wannan bugu ya ɓace, manka ya riƙa ficewa ɗanye, ƙarfin tashi ya ragu.

Abin da na fi zato shi ne kunkunniya da daskararren baƙin mai sun toshe ta, ciwon duk tsohon mashin mai hayaƙi ke nan. A kwance siririn bututun da ke cikin bakinta, a ƙona shi a kankare har ramukansa su buɗe, a kuma kankare ƙofar hayaƙi a jikin silinda, fistin yana rufe da ita don kada datti ya faɗa ciki. Sannan a mayar da komai yadda yake.

Tunda a tanki kake haɗa baƙin mai, ka riƙe wannan: ta ramin jet yake bi kafin ya isa fistin. Duk wanda ya rage maka jet ya rage maka baƙin mai ke nan, kuma inji mai bugu biyu ba ya daɗewa a haka, fistin ke kamewa ana cikin gudu, tayar baya ta ja ƙasa. Ka samu ma'auni ɗaya ka riƙa auna baƙin man da shi a kowace lita, kada yau da yawa gobe kaɗan, kuma wanda aka rubuta 2T a jiki za ka saya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na saya wa ɗana roba-roba don zuwa makaranta, ya je ya sa mata salansa mai ƙara. Yanzu da safe sai ya yi ta buga kik kafin ta tashi. Salansar ce ta ɓata ta? Daga wata uwa, cikin birni.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi. Ba lalle ta ɓaci ba. Salansa kaɗai ba ta cika hana mashin tashi ba, amma waɗanda suka ɗaura ta sukan taɓa sukurun kafireto, ga kuma sanyin safiya da ke neman ƙarin mai. Ki sa shi ya ja cok ya buga kik ba tare da ya murɗa totur ba, in ta tashi ya bar ta ta ɗumama kafin ya mayar da cok. In haka ta tashi a bugu ɗaya ko biyu, gyaran ɗan kaɗan ne. Ya kai ta a wanke silo jet, a daidaita sukurun iska, a duba fulogi, wanda a yawancin roba-roba C7HSA ne mai tazarar milimita 0.6 zuwa 0.7, a kuma duba bawul, don bawul da ya matse shi ma yana hana tashi da safe. Ki tambaye shi inda tsohuwar salansar take. In tana nan a mayar da ita, amma da sabon zobe a bakin inji.